Filin Wasa a Kwalejin Katsina

A shekarar 1922 ne Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, aka tara 'ya'yan lardunan Arewa, aka raba su gida-gida, har ya zamana Basakkwace da Babarbare suna kwana a farfajiya guda, suna cin tuwo tare, suna bin limami ɗaya, alhali iyayensu ba su taɓa ganin garin juna ba.

Amma inda zumuncin nan ya fi ƙarfi, a ganina, shi ne filin wasa, musamman wasan da Turawa suka kawo daga Ingila mai suna Fives, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda kuma Ahmadu Bello, ɗalibin makarantar daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a kansa har ya shugabanci 'yan wasan, bai kuwa rabu da shi ba ko da ya zama Firimiyan Arewa.

Da makarantar ta ƙaura Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, gidajen suka ɗauki sunayen magabata, ciki har da Malam Bello Kagara, marubucin littafin Ganɗoki.