Matsayin Faifai da Kaset a Nazarin Bakandamiyar Narambaɗa

Tsakure

Maƙalar ta dubi al'adar da manazarta waƙar baka suka saba da ita ta ɗaukar kaset ɗaya a matsayin waƙar kanta. An auna Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa, da yadda masu sauraron kiɗan fiyano na Turai ke zaɓen faifan da suka fi so. Abin da ake son kafawa shi ne, kowace ɗauka rerawa ce guda, kuma wajibi ne a bayyana asalinta kafin a ɗora hukunci a kanta.

Gabatarwa

A 1901 aka fara kaɗa wa jama'ar Mosko cikakken kiɗan fiyano na biyu na Sajei Rakmaninof, shi da kansa a kan fiyano, babbar ƙungiyar makaɗa tana yi masa rakiya. A 1929 ya naɗe shi a faifai tare da makaɗan Filadelfiya. Bayan shekara 30, a 1959, makaɗin fiyano Rikta ya naɗi nasa a Warso, ya ja mabuɗin kiɗan a hankali fiye da yadda mai shi ya yi. Har yau masoya wannan kiɗa suna gardama kan wanne ya fi daɗi, amma gardamar tasu tana da alƙali: kiɗan a rubuce yake, kowa na iya buɗe takarda ya ga inda makaɗi ya bi ta da inda ya kauce mata. Faifan mai kiɗan ma bai zama kiɗan ba, ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa. Mai sauraro a Turba ko Isa ko Sabon Birni shi ma yana da Bakandamiyar da ya fi so, wadda kunnensa ya tashi da ita, sai dai babu takardar da ta riga muryar zuwa. Saboda haka kwafin da ya fi yawo shi ke zama ma'auni, daga nan ya shiga kundin digiri da sunan matanin waƙa.

Abin da na'ura ke yi wa waƙa

Narambaɗa mutumin Tubali ne, ya yi rayuwarsa ta kiɗa a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya rasu a farkon shekarun 1960. Wannan lokaci yana da muhimmanci, domin kamfanin Philips bai fito da ƙaramin kaset ba sai a 1963, kuma kaset bai cika kasuwannin Arewa ba sai a shekarun 1970. Ke nan duk kaset na Narambaɗa da ya taɓa shiga hannun ɗan kasuwa ko ɗalibi kwafi ne da aka juyo daga wani abin da ya gabace shi. Kowane mataki na wannan juye yana cin wani abu. Fuskar tsohon faifan garmaho mai inci 10 ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai, fuskar kaset kuwa minti 30 ne ko 45, in zare ya ƙare a tsakiyar ɗan waƙa nan waƙar ta tsaya. Rakoda mai raunin batir tana jan zare a hankali lokacin ɗauka, in aka kunna a wata mai ƙarfi sai murya ta sirance, kiɗa ya yi gudu. Kotso kuwa, wanda baki ɗaya ake rufe masa da fata a kaɗa shi da hannu, kaurin amonsa ne farkon abin da ke ɓacewa a ƙaramar lasifikar waya. Yau mai tura waƙoƙi a rumfar caji yana zuba wa mutum waƙa goma a memori, kowace ba ta ɗauke da komai sai sunan makaɗi, wani lokaci ma sunan ba daidai ba. Wanda ya rubuta cewa Narambaɗa ya rufe waƙar da ɗa kaza, ko cewa raujinta mai sauri ne, yana iya kasancewa zare yake siffantawa alhali yana zaton makaɗin ne.

Hasara ta biyu ta alƙalami ce, kuma ta fi ɓoyuwa. Narambaɗa da Hausar Yamma ya yi waƙa, ta Gobir da Zamfara da Sakkwato, mai rubutawa kuwa sau da yawa hannunsa ya saba da daidaitacciyar Hausa. Inda bakin Isa zai ce «munka» da «sunka», alƙalami sai ya rubuta «muka» da «suka». Inda zai ce «yat tahi», sai a rubuta «ya tafi». A zance ma'ana ɗaya ce. A waƙa kuwa gaɓar «mun» mai nauyi ce, «mu» marar nauyi, haka «yat» da gajeren «ya». Duk wanda ya ƙirga gaɓoɓi daga irin wannan rubutu don gano yadda kalma ke hawa kan bugun kotso, lissafinsa ya karkace tun daga tushe, kuma ba zai gane ba sai ya koma ga sauraro. Littafin Aliyu Muhammad Bunza mai suna Narambaɗa, na 2009, da tsarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka tun 1993, sun ɗaga darajar wannan fage ƙwarai. Matsalar tana ga mai zuwa daga baya wanda ke kwafo matani daga littafi ko kundi, ya yanke hukunci kan salo bai kunna waƙar ko sau ɗaya ba.

Ƙorafe-ƙorafe

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne cewa makaɗin fada ba ya ƙirƙira nan take. Shi a gida yake tsara waƙarsa, ya bita da 'yan amshi har kowa ya san inda zai karɓa da inda zai yi ƙari, saɓanin Mamman Shata wanda tasa Bakandamiyar ke sauya kama kusan duk lokacin da ya rera ta. In haka ne, in ji mai wannan ra'ayi, ɗauka ɗaya ta isa. Rabin maganar gaskiya ce, kuma ita ce ta sa bai kamata a ɗauko ra'ayin manazarci Albat Lod na 1960, wanda ya gina kan mawaƙan Yugoslabiya masu harhaɗa waƙa a bakin rerawa, a kifa shi a kan kotso ba tare da gyara ba. Amma abin da bita ke kafewa shi ne gindin waƙa da cikin kowane ɗa. Yawan ɗiyan da za a rera da jerinsu suna hannun jagora, shi kuma yana duban fada ne: wa ke zaune, wa ya yi kyauta, wane abokin hamayyar sarki ne zambo zai sama a yau, wanne ne ya fi kyau a haɗiye. Makaɗin da aka zaunar gaban makirfo ba sarki ba fadawa ya rasa duk waɗannan, kuma ya san muryarsa za ta isa kunnen da bai zaɓa ba. Tsararriyar waƙa ma tana da tsawon ranar salla da tsawon ɗakin ɗauka.

Wani zai ce ai mai waƙar ya rasu, abin da ya rage shi ne abin da ya rage, kuma mai sauraro bai nemi iznin jami'a ba kafin ya so waƙarsa. Babu mai jayayya da son. Hasali ma son nan hujja ce da ba a mora ba tukuna, domin dattijon da ya ji wani kwafi ya girgiza kai ya ce an yanke, ko ya ce ba haka muryar take ba, yana auna shi ne da wani abin da ke cikin kansa, kuma wannan abin shi ne mafi kusa da takardar da Turawa ke buɗewa. Aikin da ya rage mai yiwuwa ne: a tara kwafin da ke gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato da ɗakunan ajiyar jami'o'i da hannun 'yan kasuwa, a jera su ɗa bayan ɗa, a ga wanne ya fito daga wanne, sannan kowane nazari ya faɗi kwafin da ya saurara, da inda ya samo shi, da tsawonsa a minti. Ɓangaren dattawa ne ba ya jira. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1960 ya kai 80 yanzu, kuma tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka da dama na Isa da Sabon Birni, wasu mutanensu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Mai neman waɗanda suka ji Narambaɗa da kunnensu a ƙofar fadar Isa sai ya haɗa da Gidan Runji da Tsibiri na jihar Maraɗi a cikin tafiyarsa.