Daga Ingila ta 1862 zuwa jerin sakamakon WAEC: wa ake tuhuma idan makaranta ta faɗi?



Kun san yadda ake yi duk shekara. Da zarar an fara yaɗa jerin jihohi na sakamakon WAEC, sai wani ya turo shi cikin zauren ajinmu na WhatsApp, jihohinmu na can ƙasa, a yi ta dariya. Kwanan baya ma sai da muka yi musu a ɗaki har dare. Wani abokina ya ce maganin abin mai sauƙi ne: a auna kowace makarantar gwamnati, wadda yaranta suka ci a ƙara mata kuɗi, wadda suka faɗi a rage. Na ce masa ai an taɓa gwada wannan, kuma har ƙasar nan ya iso.

A 1862, Robert Lowe, wanda ke riƙe da sha'anin ilimi a gwamnatin Ingila, ya kawo tsarin biyan makarantu gwargwadon sakamako. Sufeto zai zo sau ɗaya a shekara ya jarraba yara a karatu da rubutu da lissafi. Makaranta na samun sule 4 a kan halartar yaro, da sule 8 idan ya ci fannonin uku. Duk fannin da ya faɗi, a cire kashi ɗaya cikin uku na sule takwas ɗin. Lowe ya faɗa wa majalisa cewa tsarin in bai yi araha ba zai yi inganci, in kuma bai yi inganci ba zai yi araha. Arahar dai an samu: kuɗin da gwamnati ke ba makarantu ya sauka daga sama da fam 800,000 a 1861 zuwa ƙasa da fam 650,000 a 1865.

To ina ingancin? Malamai suka gane cewa abincinsu na hannun sufeto, sai suka koma sa yara haddace littafin da za a jarraba su a kai. Darussan da ba sa kawo kuɗi aka jingine su. Har yara marasa lafiya ake kinkimowa ranar jarrabawa don kada a rasa kuɗinsu. Matthew Arnold, marubuci kuma sufeton makarantu, ya sha sukar tsarin saboda ya mai da koyarwa aikin inji. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare an yi watsi da shi.

Amma kafin nan Turawa sun riga sun kawo shi Afirka ta Yamma ta dokar ilimi ta 1882, inda aka ɗaura tallafin makarantun mishan a kan sakamakon jarrabawa, aka naɗa Rabaran Metcalfe Sunter sufeto. Legas ta samu tata dokar a 1887, kuma a 1889 Henry Carr ya shiga aikin duba makarantu. Ku da ke Jami'ar Legas, shi ne mai sunan ɗakin kwanan nan na masu digiri na biyu da kuke wucewa kullum.

A 1916 gwamnatin Lugga ta sake ma'aunin. Sakamakon jarrabawa da ci gaban yara ya koma kashi 40 cikin ɗari, tarbiyya da tsarin makaranta 30, yawan malamai da ƙwarewarsu 20, gine-gine da kayan aiki da tsafta 10. Ni ba mai yabon mulkin mallaka ba ne, amma ku lura, ko su sun gane cewa maki kaɗai ba ya nuna halin da makaranta take ciki.

Amurka ta sake faɗawa ramin nan. Dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002 ta tanadi hukunci ga makarantun da makin yaransu bai tashi ba. A birnin Atlanta aka kama malamai suna goge amsoshin yara suna gyarawa, kuma a 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Wa bai san cibiyoyin nan da ake biya a “ci” jarrabawa ba? Ai uwa ɗaya ce ta haife su.

Kada wani ya ce ina kare lalaci. A 2017 gwamnatin Kaduna ta jarraba malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. Wannan abin kuka ne, kuma ba za mu sani ba da ba a auna ba. Tambayata ita ce, malaman nan su suka ɗauki kansu aiki? Wa ya ba su takardar shaidar koyarwa? Wa ya sa hannu a takardar ɗaukarsu? Kullum awon a kan malami da yaro yake tsayawa, ba ya hawa sama.

Ni makarantar gwamnati na yi, a ƙasa muka zauna har aji huɗu, kuma ƙannena suna can yanzu. Idan aka bi shawarar abokina, makarantarsu ce za a fara rage wa kuɗi, alhali ita ta fi kowa buƙata. Shi ya sa nake ganin in za a fitar da jeri, a fitar da shi cikakke. Kusa da makin yara a rubuta yara nawa ne a aji, malaman lissafi nawa, yaushe aka biya albashi, yaushe sufeto ya zo na ƙarshe, nawa aka ware kuma nawa ya iso. A kuma duba inda yaro ya fara da inda ya kai, domin malamin da ya ɗauki yaron da bai san baƙi ba ya kai shi yana karanta wasiƙa ya yi aiki, ko da yaron bai ci kiredit biyar ba.

Idan kun je gida hutu, don Allah ku leƙa firamarenku, ku yi wa hedimasta waɗannan tambayoyin, ku kawo mana amsa a nan mu haɗa. Allah Ya ba mu sa'ar karatu.