Jardan, rumfar zana da mu uwaye: daga ina muka taso?

Yau kan ƙananan yaranmu na jardan za mu tsaya, waɗannan ƴan shekara 3 zuwa 5 da muke ratayawa gorar ruwa da safe mu tura lakwal.

A da, yaro mai wannan shekaru yana tsakar gida wajen kakarsa, ko makarantar allo a zauren malam. Malam maƙwabci ne, uban yaro na ganinsa a masallaci sau biyar a rana, uwa na aika kuɗin Laraba. In yaro bai zo ba, kafin azahar gida ya ji. Ba kwamiti, ba takarda, amma ido na kan yaro. Jardan kuwa abin birni ne, na ɗiyan ma'aikata da masu hali.

Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta lissafa jardan cikin matakan karatun ƙasa. Sai dai doka ba ta gina aji. Abin da ya kai jardan ƙauye shi ne COGES, kwamitin da ya haɗa uwaye da darakta da malamai. A 2004 shirin "Makaranta don Kowa", da tallafin ƙasar Japan, ya soma a jahar Tawa, ya shigo Damagaram, daga baya ya game ƙasa. Sabon abin da ya kawo shi ne a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, ba mai gari ya nuna ɗan'uwansa ba, kuma a tara gari a tsara aikin shekara gaban kowa. A irin wannan taro ne garuruwa suka buɗe jardan na al'umma: gari ya zaɓi mai kula da yara daga cikinsa, ya biya ta da kuɗi ko da hatsi, ya yi mata aji.

To, da me aka yi ajin? Da abin da ke hannu. Ana komawa lakwal a Oktoba, daidai lokacin girbi, kara da zana sun wadata. Mu muka kawo itace, mu muka kafa, mu muka ɗaure. Kuma mun yi abin kirki, don in ba rumfar ba da yara da yawa ba su taɓa riƙe alli ba. Amma haɗin kanmu da lakwal ya tsaya nan: kawo kara, kawo jika ɗaya ko biyu. Wa ya tambayi ƙofa nawa rumfar take da ita? Wa ya auna tazararta da ta kusa, ko da murhun mai ƙosai a bakin katanga?

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Yara kimanin 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan jardan. Manyan ɗalibai sun gudu, ƙanana ba su san inda za su nufa ba. Wata bakwai bayan nan, ranar 8 ga Nuwamba, sai ga ta a Maraɗi, a lakwal ɗin AFN: yara 25 a ranar, ƴan shekara 5 zuwa 6, wasu kuma suka cika a likita daga baya. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri. Jaha ta yi makokin kwana uku, majalisar ministoci ta hana rumfar zana a matakin jardan a duk ƙasa. A lokacin hukuma da kanta ta ce azuzuwan zana sun kai 36,000.

Gina aji na siminti nauyin gwamnati ne, ba mu sauke mata shi ba. Amma ko aji na siminti ba ya hana yaro fita titi gaban kabu-kabu, ba ya tantance wa ya zo ɗaukarsa da rana. Wannan sai madam da uwa sun san juna. Mu faɗi gaskiya, wasunmu shekara ke ƙarewa ba su san sunan madam ɗin ɗansu ba, ita ma ba ta da lambarsu. In aka kira taron uwaye, maza na kasuwa, mata kuma ba a gaya musu ba, alhali ƙungiyar uwaye mata, AME, don su aka kafa ta.

Kwamitin yana nan, yanzu CGDES ake ce masa, kuma har gobe a taron gari ake tsara aikin shekara. Iskar hunturu na shigowa a Nuwamba, zana na bushewa ƙayau. A taron bana, kafin a zo kan kuɗi, mu nemi a zagaya da mu aji-aji, mu ga da idonmu ta ina yaro ɗan shekara uku zai fita.