Kakanninmu a Cikin Littafin Lanho

Duk wanda ya tashi neman asalinsa a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, da wuya ƙidayar ƙasar Nijar ta 1977, 1988, 2001 ko 2012 ta amfane shi, domin jimilla ake bugawa, ba sunaye ba. Takardar da ke ɗauke da sunan kakansa ita ce littafin ƙidayar Nasara, wanda komandan Faransa da tafintansa suka cika gari gari, maigida da iyalinsa da bisashensa.

Sai dai a tuna dalilin rubuta shi: lanho, wato haraji, da aikin tilas da ɗaukar soja. Talaka ya san haka sarai. Saurayi kan kwana a daji ranar ƙidaya, wani gida kuma ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Katsina sai ƙura ta lafa. Saboda haka rashin suna a littafi ba hujja ba ce cewa mutum bai rayu a garin ba. A ganina, giɓin da kansa shaida ne, kuma ya cancanci nazari kamar abin da aka rubuta.

Ga kuma matsalar suna. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da laƙabi, uwa kuma ba ta kiran sunan ɗan fari. Wanne tafinta ya ji, kuma yaya alƙalamin Faransanci ya murɗe shi? Shekarar haihuwa kuwa kintace ce. Abin da ke daidaita ta shi ne lissafin tsofaffi: wance ta yi aure bayan yunwar Kakalaba ta 1914, wane yana goye lokacin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Tasawa a 1899.

Jarida ba ta da yawan taimako. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya a 1939, da Le Temps du Niger, wadda ta koma Le Sahel a 1974, sarakuna da ma'aikata suka fi ambata. Manomi bai cika shiga ba, balle matarsa.

Shi ya sa nake cewa kada mai bincike ya fara da gidan ajiyar takardu na Yamai. Ya fara zuwa Tibiri ya saurari maroƙan fadar Gobir, ya dubi zanen fuskar tsofaffi, ya tambayi wanda ya sari gonar gidansu da wanda ya haƙa rijiyar gari. Takardun suna iya jiransa. Tsohuwar da ta san sunan kakar kakarsa kuwa, ya je gare ta bana.