Kumbon Boba Fett da Sunan da Aka Daina Faɗi

Na fara ganin wannan kumbo ne a wani gidan kallo na unguwarmu a Maraɗi, ina ɗan shekara goma sha wani abu, a lokacin da dala biyar ke isar yaro ya zauna kan benci daga la'asar har magariba. Ba ma jin Turanci, Faransancin ma sai kame-kame, saboda haka jarumi da bos kawai muke rarrabewa. A fim ɗin ranar akwai wani mutum mai hular ƙarfe da ba ya buɗe fuska. Jirginsa na ajiye a kwance kamar dutsen guga, da ya tashi kuma sai ya miƙe tsaye ya tafi. Shekaru da yawa bayan nan, da na fara gabatar da shirin fina-finai a rediyo, na san cewa mutumin Boba Fett ne, sunan jirgin kuma Slave I, wato Bawa na Ɗaya. Tarihin wannan jirgi da na sunansa nake son kawo wa mai karatu.

George Lucas ya fitar da Star Wars a 1977, babu Boba Fett a ciki. An fara nuna shi a talabijin a Nuwamban 1978, cikin wani ɗan gajeren zane mai motsi, kafin ya shigo sosai a The Empire Strikes Back na 1980, wanda Irvin Kershner ya ba da umarni. Joe Johnston da Ralph McQuarrie ne suka zana sulkensa, Jeremy Bulloch, ɗan Ingila, ya sa shi. Jirgin kuwa zanen Nilo Rodis-Jamero ne. An daɗe ana yawo da labarin cewa fitilun kan titi na kusa da ma'aikatar Lucas a Kalifoniya aka kwaikwaya, amma mai zanen ya danganta siffar da farantin rada, na'urar hango jirage. A wancan zamani da hannu ake ƙera irin waɗannan jirage, ƙanana, a ɗauki hotonsu daki-daki har su zama manya a idon mai kallo.

Abin da jirgin ya yi a fim ɗin kaɗan ne, amma ya zauna a ran mutane. Darth Vader ya tara mafarautan mutane, masu kamo wanda ake nema don a biya su, ya ce su nemo masa jirgin Han Solo. Solo ya yi dabara: ya laɓe a jikin babban jirgin yaƙin Daula, ya jira aka zubar da shara a sararin samaniya, ya sulale tare da ita. Kowa ya ruɗu ban da Fett, wanda shi ma ya ɓoye jirginsa cikin sharar nan, ya bi sawu a hankali har birnin gajimare na Bespin. A can aka daskarar da Solo da ransa ya zama kamar allon dutse, aka tura shi cikin jirgin Fett kamar buhun kaya, domin a kai wa Jabba, mai gidan da ke bin sa bashi, a karɓi lada. Ka riƙe wannan, mai karatu: aikin farko da muka ga jirgin ya yi shi ne dakon mutum zuwa inda za a biya kuɗinsa.

Babu wanda ya furta sunan jirgin a fim ɗin 1980. Littattafai da kayan wasan yara ne suka yaɗa shi. A 1981 kamfanin Kenner ya fitar da jirgin na roba, da sunan Slave I ɓaro-ɓaro a jikin kwali, har da ɗan allon daskararren Han Solo a ciki. Shekara arba'in iyaye na saya wa ƴaƴansu, sunan na nan daram. Shi kansa Fett ya faɗa bakin dodon ramin nan na hamada a Return of the Jedi na 1983, aka ɗauka shi ke nan, an gama da shi.

A 2002 Lucas ya koma baya ya ba jirgin asali. A Attack of the Clones mun ga ashe gadon uba ne. Jango Fett, wanda Temuera Morrison ɗan ƙabilar Maori na ƙasar Niyu Zilan ya fito a matsayinsa, shi ne mai jirgin na farko, Boba kuma kwafinsa ne da aka halitta a ɗakin gwaji, ya riƙe shi a matsayin ɗa. Fentin jirgin a lokacin shuɗi-shuɗi ne, ba kore da ja na hannun Boba ba. Wani wasan bidiyo na shekarar ya ƙara da cewa jirgin sintiri ne na wani kurkuku, samfurin Firespray, Jango ya sace shi. Ka ga tun kafin ya zo hannun mafarauta, don kamun mutane aka ƙera shi. A ƙarshen fim ɗin an fille kan Jango a gaban ɗansa, yaron ya ɗauki hular uban ya jingina da goshinsa.

A wannan fim akwai wurin da, a matsayina na ma'aikacin rediyo, ba na gajiya da saurarensa. Obi-Wan Kenobi na bin Jango cikin duwatsun sararin samaniya, sai Jango ya saki wani bam. Wuta ta haska, sauti ya ɗauke ɗif, har ka ɗauka na'urarka ce ta lalace, sannan wata ƙara mai kama da tsinkewar tsirkiyar garaya ta tsaga wurin. Aikin Ben Burtt ne, mai haɗa sautin Star Wars tun 1977. Mu a makarantar jarida an koya mana cewa shiru a kan iska laifi ne, daƙiƙa uku sun isa a kira ka ofis. Burtt ya nuna mini cewa idan aka ajiye shiru a inda ya dace, kunne ya fi buɗewa. Tun daga nan nake barin ɗan numfashi kafin in karanta sanarwar rasuwa.

Ko muryar Fett ba ta tsira daga gyara ba. Jason Wingreen ne ya yi ƴan maganganunsa a 1980, waɗanda yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga su. A 2004, da aka sake fitar da fina-finan a faifan DVD, aka goge muryarsa aka sa ta Morrison, don tsohon labari ya dace da sabo.

A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan kusan dala biliyan huɗu. A Disamban 2020 jirgin ya dawo a shirin The Mandalorian, aka nuna yadda cikinsa ke juyawa idan ya miƙe, don kada fasinja su kife. A wannan watan ne kuma Jeremy Bulloch ya rasu. Tsakiyar 2021 sai kamfanin Lego ya fitar da sabon jirgin, a kwalin an rubuta jirgin Boba Fett kawai, masu zanen kamfanin suka ce Disney ce ba ta son a ci gaba da amfani da tsohon sunan. Masoya suka yi ca a intanet. A shirin The Book of Boba Fett da ya biyo baya, Fett da bakinsa ya kira jirgin da sunan samfurinsa, Firespray. A nan kuma ya tashi daga bos ya koma jarumi: ya fito daga cikin dodo, shi ma an ɗaure shi ya ɗanɗani zaman fursuna, sannan ya hau kujerar Jabba yana neman mulki na mutunci.

Da na kawo wannan labari a shirina, na kawo shi ne da raha. Na ce Turawa sun rasa abin yi, suna faɗa a kan sunan jirgin roba, na maimaita Bawa na Ɗaya ina dariya. Sai wani dattijo ya bugo waya. Ya ce: "Ɗana, kana dariya ne don ba a taɓa hana ka aure da wannan kalma ba." Ya kashe wayarsa. A ranar na yi shirun da ba ni na shirya shi ba.

Dattijon na da gaskiya. Nijar sai a 2003 ta sa hukuncin bauta a dokar manyan laifuffuka. A Oktoban 2008 kotun CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta samu gwamnati da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara goma sha biyu. A wurinmu kalmar na da rai, kuma akwai gidajen da har gobe ake binciken asali da ita kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Duk da haka ban gamsu da abin da Disney ta yi ba. Sunan nan mummuna ne, kuma ya dace da jirgin, don mai shi mutane yake kamowa ya miƙa a biya shi. Wanda ya raɗa wa jirginsa Bawa ya gaya maka ko shi wane ne tun kafin ya buɗe baki. Da aka so a mayar da Fett jarumin da za a sayar wa yara, sai aka kankare sunan, sana'ar kuwa aka bar ta a inda take: a kwalin Lego na 2021 ma akwai allon daskararren fursuna. An share ɗaki ne aka tura dattin ƙarƙashin tabarma. Yaron da ya tambayi ubansa ma'anar sunan zai iya jin labarin jiragen ruwan da suka yi dakon ƴan Afirka zuwa Amurka. Wanda aka ba jirgi marar suna zai ɗora fursunansa a ciki ya ci gaba da wasa.

Mako na gaba na buɗe shirin da ba dattijon haƙuri, ko da yake bai bar suna ba. Yanzu idan zancen jirgin ya taso, nakan faɗi sunansa sau ɗaya, in fassara shi, in faɗi kayan da ya ɗauko daga Bespin, kuma ba na dariya. Har yau idan layin waya ya haska a situdiyo, nakan yi fatan muryarsa ce.