Alhassan Ɗantata: Dalar Gyaɗa Ta Rushe, Gidan Bai Rushe Ba

'Yan uwana ɗalibai, a tarihin attajiran ƙasar Hausa babu wanda ya fi jan hankalina kamar Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, sai wata baiwa mai suna Tata ta raine shi, kuma daga sunanta laƙabinsa ya samo asali.

Da goro ya fara. Maimakon ya tsaya ga tsohuwar hanyar ayari, sai ya riƙa ɗauko goronsa daga Akara ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka buɗe kasuwar gyaɗa, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, yana ba yaransa jari suna shiga ƙauyuka. A 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 banki a Kano. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafi arziki a Afirka ta Yamma.

Abin lura a nan shi ne, dukiyar da ta dogara ga haja ɗaya da kasuwar ƙetare ba ta cika daɗewa ba. A ƙasar Nowe an yi Bernt Anker (1746 zuwa 1805), mai dazuzzuka da injinan yankan katako, wanda ya fi kowa kuɗi a ƙasarsa ta hanyar sayar wa Ingila katako. Ya ɗaure dukiyarsa a asusu guda don kada ta watse bayansa. Amma kasuwa ta faɗi, gobara ta cinye tarin katakon Kiristaniya a 1819, asusun ya karye.

Gyaɗa ma ta faɗi a Kano cikin shekarun 1970, bayan fari da zuwan man fetur. Sai dai a ganina Ɗantata ya bar abin da ya fi dala: 'ya'yan da suka koyi ciniki a gabansa. Sanusi da Aminu suka faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da sufuri da masana'antu. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne. Alhaji Aminu kuwa ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina.

Mu da muka baro gida neman ilimi a Riyad, ya kamata mu tambayi kanmu wa za mu koya wa abin da muka samo. Allah Ya jiƙan magabata.