Daga Madugu zuwa Mai Mota

Yau hirarmu a kan tarihin sufuri ce, da nauyin da ke wuyan mai mota game da direbansa.

Tsofaffin Yauri da Matamai da Kance sun ji labarin fatake daga bakin kakanninsu. A zamanin da, ayari yakan tashi da jakai da raƙuma, ya nufi Kano, ko ya wuce har Gwanja wajen sayen goro. Kowane ayari yana da madugu. Shi ke zaɓen hanya, shi ke faɗin inda za a yada zango, shi ke biyan fito. In wani abu ya sami ayari, madugu ake tambaya.

A shekara ta 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Cinikin gujiya ya bunƙasa. Sannu a hankali manyan motoci suka karɓi aikin raƙuma. Gujiyar ƙasarmu ta riƙa bin hanyar Matamai da Ɗan Barto zuwa Kano. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, ta kafa SNTN a 1963 don ɗaukar kaya da mutane. Ƴan kasuwa ma suka sayi motoci, suka ɗauki direbobi.

To, ga tambaya: in direba ya yi haɗari, wa zai biya? Amsar tana cikin wata tsohuwar doka da aka rubuta a Faransa a 1804, wadda Nijar ta gada. Aya ta 1384 ta nuna cewa ubangida shi ke ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi cikin aikin da ya sa shi. Ke nan mai mota ba ya iya cewa, "Ba ni nan, ba ruwana." Direban da ya yi ganganci alƙali zai hukunta shi, amma diyyar wanda aka cuta tana bin mai mota.

Diyya tana da nauyi, tana iya cinye dukiyar mutum duka. Shi ya sa aka tilasta wa kowace mota asiransi, wato inshora. A 1982 ƙasashen CEDEAO suka shirya katin asiransi guda, don motar da ta ƙetare iyaka. A 1992 Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka sa hannu a Yawunde a kan dokar asiransi ɗaya, mai suna CIMA.

Saboda haka, kai mai mota, kai ne madugun yau. Kada ka ba mutum makulli sai ka ga takardar tuƙinsa, wadda muke kira permi. Duba birki da taya da fitila kafin tafiya. Kada ka yarda a yi lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwa. Kada ka matsa wa direba ya yi sawu biyu ba barci, don mai gyangyaɗi ba ya ganin rami. Sauri kan haifi nawa.

Kai kuma direba, tun da ka koyi karatu, karanta takardun motar da kanka, ka ga ranar da asiransi zai ƙare. In ya ƙare, gaya wa maigidanka kafin ka tashi.

Ku tattauna wannan a ajinku tare da malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.